Ciyawa a Tayar Andrawus

Matan da suka fito ciran citta ne suka fara ganin wani keke yashe a gindin gangaren da ke bayan Fadan Kagoma, wata ranar Talata a ƙarshen daminar 1991. Taku biyar daga keken, ga Andrawus mai gadin gandun daji kwance rub da ciki, ƙeyarsa a fashe.

Kafin Saja Kumai na 'yan sanda ya iso daga Kafanchan, samarin gari sun riga sun kama Hammawa, wani makiyayi, sun ɗaure shi da igiyar shanunsa. Kumai ya karɓe shi ya kulle a ofis. Bai manta da rikicin da aka yi a Kafanchan shekara huɗu baya ba. In aka ce Bafulatani ya kashe ɗan gari, rugar Hammawa ba za ta kwana a tsaye ba.

Shaida ɗaya ne, Gregory mai sayar da katako.

"Oga, da idona na gani. Ina kan mashin ɗina. Andrawus ya gangaro a guje, Fulanin nan yana bin shi da sanda."

"A guje?"

"Kamar tsere, oga."

Hammawa bai musa cewa sun yi faɗa ba.

"Yallaɓai, ya kore mini shanu daga gandu, na zage shi, ya zage ni. Amma jiya tun hantsi ina wurin allurar shanu."

Malamin dabbobi ya tabbatar. Zamani maharbi, wanda marigayin ya sha kwance wa tarko, yana gidan mai ɗori da karyayyar ƙafa tun sati biyu. Kumai ya cire shi daga zargi.

Saura keken. Ya tura shi rumfar Lawal mai faci. Lawal ya matsa tayar baya da yatsa, ya yi tsaki.

"Saja, wannan ba iska ba ce."

Ya ɗaga bakin tayar da ƙarfe. Ciyawar tofa ce danƙare a ciki, ɗanya shar, da wani jan gari manne a jikinta.

"Haka masu shiga daji ke yi," in ji Lawal. "Ƙaya ta huda ka, babu faci, babu famfo, sai ka cusa ciyawa ka lallaɓa har gida. Amma lallaɓawa fa, kamar mai ɗauke da ƙwai."

Kumai ya murza garin, ya sansana. Dusar icen maɗaci ce, irin wadda zarto ke zubarwa. Ya ce Lawal ya mayar da tayar yadda take.

Tofa ba ta fitowa kan tudu. Kumai ya ari keken Lawal ya bi sawun shanu zuwa fadamar da ke cikin gandun, yana saɓa keken a kafaɗa in ya zo rafi. Can ya sami kututture shida sababbin yanka, da wurin da aka tuge tofa, da sawun mashin ɗaya shiga da fita. Jini ya bushe a gefen wani gungume.

Da la'asar ya tara dattawa da samarin a saman gangaren. Ya miƙa wa Gregory keken marigayin.

"Hau ka nuna mana irin gudun da ka gani."

Gregory ya yi dariya. "Ni da na bar keke tun firamare, oga?"

"Hau."

Ya hau. Bai yi taku ashirin ba tayar baya ta suɓule daga wili, ciyawa ta watse, ya kife a cikin duwatsu.

Kumai ya sauka a hankali, ya tsinci ciyawar ya nuna wa dattawa.

"Da Andrawus ya gangaro a guje, da a nan tayar ta fita. Mun same ta a zaune daram. Bai hau tudun nan ba, kawo shi aka yi. A fadama ƙaya ta huda tayarsa, kusa da inda ake satar maɗaci, dusar ta shiga tare da ciyawar. Wanda ya buge shi ya ga taya a cike, ya ɗauka iska ce, don shi mutumin mashin ne."

Ya juya ga Gregory. "Sawun mashin ɗinka na can. Za mu gwada ko ka hutar da mu?"

Gregory ya dubi gwiwarsa da ke jini.

"Na ce masa mu daidaita, ya ce sai ya kai rahoto."

Samarin suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. A ofis Kumai ya buɗe wa Hammawa ƙofa. Makiyayin ya tsaya bai fita ba.

"Yallaɓai, igiyata. Shanu ba su sha ruwa ba tun safe."

Kumai ya ciro ta daga aljihun tebur ya ba shi.