Yashin da Aka Ɗebo wa Auta

Ana gab da magariba, uwar yaran tana tsaye gaban allon da ta jingina a jikin firji, tana fama da babban ɗanta a kan lissafin rabawa, sai ta lura tun la'asar ba ta ji motsin Auta ba. Daɗi ne ya fara zuwa mata. Daga baya tsoro ya biyo.

Tun da aka ɗauke makarantar unguwa aka kai ta nesa, maigidan, direban babbar mota da ba ya zama, ya ce ta riƙa koyar da manyan biyu, babban ɗan da 'yar tsakiya, a gida. Ita kuwa karatunta bai yi zurfi ba. Da asuba take haddace abin da za ta koyar da hantsi, kullum gabanta na faɗuwa kada dangin miji su ce ta mayar musu da 'ya'ya daƙiƙai. Auta kuma, 'yar shekara huɗu, ba ta san wannan ba. Ta ja zani, ta goge allo da tafin hannu, ta haye cinya ana tsakiyar darasi.

Sai uwar ta shiga dabara. Ta kwaɓa fulawa da gishiri da ɗan mai, ta ɗiga launi, ya zama ƙullun wasa. Ta tara marafan kwalabe da tsofaffin maɓallai a riƙa warewa cikin kwalin ƙwai. Ta huhhuda kwali, ta ba Auta igiyar takalmi ta riƙa zurawa. Na ƙarshe shi ne farantin yashi na zana haruffa da yatsa. Yashin a kangon bayan gida ta ɗebo shi, wata rana da faɗuwar rana, daga wani lungu da yake sumul kamar an share an shimfiɗa. Ko bismilla ba ta tuna ta yi ba, don ta bar tukunya a wuta.

Duka ta jera su a sito, ɗan ɗakin ajiya da ke jikin kicin. Kullum ta zaunar da Auta a ciki, ta ɗora yatsa a baki ta ce, "Shiru, ana karatu," ta ja ƙofa. Da fari yarinyar takan buga ƙofar tana kiran Mama. Daga baya ta daina, uwar har tana yi wa maƙwabciyarta mai ɗinki alfahari da dabarar.

Ranar dai ta tura ƙofar. Ɗakin ya yi duhu, da wani sanyi irin na ƙasa mai laima. Auta na zaune ta tanƙwashe ƙafa, ta jera mutanen ƙullu a kan yashin: Baba, Yaya, 'yar tsakiya, da ita kanta. Mata kuwa biyu ne. Ɗaya na riƙe da hannun ƙaramar, ɗayar tana can bakin faranti ta juya baya. Har kitson kansu an tsaga, aikin da hannun yaro ba zai iya ba.

"Wa ya yi miki waɗannan?"

"Ke mana, Mama."

"Ni? Yaushe?"

Auta ta ɗago ta dube ta sosai, kamar tana gwada fuskar da wata. "A'a, ba ke mai ihu ba. Ke mai zama."

Daga ranar gidan ya canza. Da an buɗe littafi sai a ji ruwan marafan kwalabe a kan kwanon rufi, a fita a tarar da tsakar gida wayam. Maɓalli ya taso daga inda babu kowa ya fasa wa babban yaron goshi. Yashi ya shiga garin fulawa, ya shiga tsakanin shafukan littattafai, ya shiga haƙoran mutane suna barci. Wata rana 'yar tsakiya ta saki fensir, ta ƙanƙame hannun uwarta.

"Mama, ga ki nan, amma ina jin ki a sito."

Uwar ta kasa kunne. Muryarta ce, babu ko shakka, tana yi wa yaro wasa a hankali, tana dariya irin wadda ta manta rabonta da yi. Auta na amsawa da ƙyalƙyala.

Uwar ta fizgo yarinyar waje, ta sa wa siton kwaɗo. Auta ba ta yi kuka ba. Ta faɗi ta sandare, idanunta a buɗe, ta wuni a haka ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba. Mai ɗinki ce ta je ta taho da wani malami mai ruƙiyya, dattijo marar yawan magana. Ya zauna a ƙasa kusa da kan yarinyar lokacin da inuwa ta cinye tsakar gida, ya sa aka kai manyan maƙwabta, ya fara karatu.

Ya daɗe yana yi. Can sai Auta ta tashi zaune, ta gyara zamanta irin na manyan mata, ta yi magana da muryar uwarta.

"Sannu da aiki, Malam. Rage murya, za ka tsorata min 'ya."

"Wace ce ke? Me kika zo yi gidan mutane?"

"Ni na zo? Ɗauko ni aka yi. Ina kwance a shimfiɗata wannan matar ta sa faranti ta kwashe, ta kai ni ɗaki, ta turo min yarinya ta rufe ƙofa. Yarinya na kuka tana kiran uwa. Na jira, na jira, babu wanda ya zo. To, sai na zo."

"Ba 'yarki ba ce. Zalunci kike yi, kin kuwa san hukuncin azzalumi."

"Tata ce? To tambaye ta, wane launi 'yarta ta fi so?"

Uwar ta buɗe baki da ƙyar. "Ja."

"Ja na yayarta ne. Ita shuɗi. Tambaye ta wane yatsa almakashi ya yanka."

Uwar ta kamo hannun ta duba. Ga tabo nan a ɗan manuni, har ya warke ya yi fari. Ba ta taɓa ganinsa ba.

"Ni na tsotse jinin," in ji muryar. "Ke kina can kina raba goma da biyar. Kuma ma ba daidai kika raba ba."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin yarinyar ya fara murɗewa, ƙananan ƙafafunta na dukan siminti, uwar ta toshe bakinta da gefen mayafi. Sai da muryar ta disashe sannan ta ce, "Ya isa, ya isa! Zan tafi. A mayar min da yashina inda aka ɗebo, ko ƙwaya kada a rage, a haɗa da mutanen ƙullun."

"Za a mayar."

"Sai abu ɗaya. A bar ni in yi mata sallama. Yaro ne, in ta farka ba ta gan ni ba za ta yi ta nemana."

"Babu sallama tsakaninku," in ji Malam. Ya juyo wurin uwar. "Baiwar Allah, kada ki ba ta dama. Ki bari in ƙarasa, ko da zai ɗauki lokaci."

Amma uwar tana kallon leɓen 'yarta da ya bushe ya tsage, da jinin da ke tsattsafowa a diddigenta. So take a gama yanzu-yanzu. Kuma, a can ƙasan ranta, tana jin kunyar wannan halitta da ta zauna inda ita ta ƙi zama.

"Ki yi, ki tafi," ta ce.

Malam ya runtse ido. Auta ta karkata kai gefe kamar mai sauraren raɗa a kunne. Ta gyaɗa kai, ta sake gyaɗawa, hawaye ya gangaro mata. Sai ta yi atishawa, ta sulale ta kwanta, kwaɗon sito ya faɗo ƙasa da kansa.

Kafin duhu ya rufe aka mayar da yashin. Jifa ta tsaya, murya ta ɗauke. Auta ta ci, ta sha, ta yi barci. Malam da zai tafi bai karɓi godiya ba, cewa kawai ya yi, "Na fitar da ita daga jikinta. Abin da ta faɗa mata kuwa ba ni da ikon fitar da shi."

Washegari uwar ba ta jingina allo ba. Ta kwaɓa sabon ƙullu, shuɗi, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda rana take, ta zauna a ƙasa ta kira Auta. Yarinyar ta zo ta tsaya nesa kaɗan. Uwar ta mulmula kai, ta mulmula hannaye, ta miƙa mata.

Auta ta duba. "Ba haka Mama take yi ba."

"Ni ce Mama, Autata. Zo ki nuna min yadda ake yi."

"Ta gaya min za ki ce haka. Ta ce ke kika sa aka ƙona ta, kika kore ta. Ta ce in jira ta."

Ta juya ta shiga siton da aka share tas, ta zauna a tsakiyar siminti tana fuskantar bango. Uwar ta biyo ta da rarrafe har bakin ƙofa, tana kiranta da duk sunayen da take kiranta tun tana goye, tana kuka kamar ranta zai fita.

Auta ta waiwayo. Ta ɗora ɗan yatsan nan mai tabo a bakinta.

"Shiru," ta ce. "Je ki, ana karatu."

Ta miƙa hannu ta tura ƙofar ta rufe.