Gyaɗa Uku da Kwaltar Makaranta

A unguwar Azuba akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari, sai dai bakinta ba ya zama haka nan.

Hanyar makarantarsu kuwa laka ce zalla da damina. Kullum keken guragu na ƙawarta Afra'u sai ya kafe, sai an ɗauke ta a hannu. Afra'u ta tsani hakan.

Rannan Injiniya Terhemba, mai aikin babban titi, ya ce zai zuba musu kwalta.

"Malama, tsawo kawai za ku auna mini," in ji shi. "Faɗi da kauri na sani. Kwalta ba ta jira fa. In ta huce, ta lalace. Daidai zan kawo."

Malama Nasiha, malamar ajinsu, ta ba yarinyar igiya mai mita biyar. Yara biyu na ja, ita tana ƙirga.

Sai ta yi dabara. Duk igiya ɗaya, ta jefa gyaɗa ɗaya a aljihu. Dabara mai kyau, amma an ba kura ajiyar nama. Kafin a kai ƙofar makaranta ta ci uku. Ta ce a ranta, uku ai ba komai ba ne. Ta ƙirga sauran gyaɗar, aka kai wa Injiniya lissafin.

Ranar aiki tifa ta zo, aka yi ta shimfiɗa kwalta. Saura mita goma sha biyar a kai ƙofa, kwaltar ta ƙare ƙaf.

Washegari aka yi ruwa. Afra'u ta taho da murna, sai keken ya sake nutsewa a laka. Ta sunkuyar da kai.

Kunya da tausayi suka kama yarinyar. Ta je wurin Malama tana hawaye.

"Malama, laifina ne. Na cinye ƙirgen."

"Kin cinye me?"

Ta faɗi komai. Injiniya da ke wurin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ƙaramin kuskure a awo, babban rami ne a titi," in ji Malama. "Amma kin kyauta da kika faɗi gaskiya. Je ki sake aunawa."

Ta auna sau biyu, tana rubutawa a littafi. Bayan mako guda aka cike gurbin.

Ranar Litinin yarinyar ta kama keken Afra'u za ta tura.

"Bar shi, ƙawata," in ji Afra'u. "Yau da kaina zan shiga."