Irin Da Liatu Ta Yafa

A kasuwar Dayi Habila ya fara ganin Liatu, cikin bazarar 1983. Shi malamin gona ne, yana ta yi wa manoma bayanin wata shinkafa mai nuna cikin kwana casa'in. Duk suka watse, sai ita.

"Malam, in ruwa ya ɗauke da wuri kamar bara, za ta kai?"

"Za ta kai," ya ce. Ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Kafin ruwan farko ya koyi hanyar gidansu. Sai dai mahaifinta, Baba Sulemanu, ya fi son Abraham mai shanun huɗa.

"Irin ubana nake yafawa," in ji shi. "Mai noma a takarda ba zai taɓa min fadama ba, balle 'ya."

Liatu ta roƙi mudu biyu na sabon irin wurin Habila, ta ce na gayaunar innarta ne. Ranar shuka kuwa ta yafa su a gabashin fadamar mahaifinta, ba wanda ya sani.

Cikin Agusta gefen nan ya riga sauran fid da kai. Abraham ya kai labari cewa Habila ne ya shiga gonar a ɓoye. Baba Sulemanu ya hana Habila ƙofar gidan.

Ranar Lahadi, a bakin majami'a, Habila ya miƙa mata takarda: "Liatuna, ana kirana maci amana. Ban ambaci sunanki ba, ba kuma zan ambata ba. Amma me ya sa kika ɓoye min?"

Ta karanta, ta yi kuka. Washegari ta tarar da mahaifinta a gona da lauje, zai yanke sabuwar shinkafar ya ba shanu.

Ta durƙusa cikin taɓo.

"Baba, ni na yafa. Habila bai sani ba. Na tuna yadda rumbunmu ya ƙare bara ne. Ka ba ta sati uku."

Ya sauke laujen, ya juya gida. Kwana ashirin bai yi mata magana ba.

Farkon Satumba ruwa ya ɗauke. Tsohuwar shinkafa ta bushe da cikinta, ta gabas kuwa ta nuna.

Da kansa Baba Sulemanu ya hau keke har Malumfashi, wurin Habila.

"Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba, ɗana. Turo magabatanka."

Bayan Kirsimeti aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kawunansu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ku ɓoye wa juna komai."

Liatu ta saci kallon angonta, suka amsa da amin.