Komai Kore Ne, Mai Gadina

Ita ta gina abin da ya raba shi da aikinsa, kuma shi ya koya mata yadda za ta gina shi. Abin da ya faru ke nan.

Kamfanin ƙarami ne, a saman wani shagon taya yake, suna yin manhajar sayen tikitin mota ta waya. Shi aikinsa gwaji. Duk abin da masu rubuta manhajar suka rubuta sai ya bi ta teburinsa. Zai jera tsofaffin wayoyinsa, da mai fasasshen gilashi da mai kumburarren batir, ya danna nan ya danna can. In ya gamsu, ya tura wa jama'a da hannunsa. In bai gamsu ba, ko Manaja bai isa ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Gadi.

Ranar da ta fara aiki ta kawo masa gyaranta na farko tana taƙama. Bai daɗe ba ya dawo mata da shi.

"Malam, layi biyu na rubutun manhajar fa kawai na canza."

"Layi biyun ne suka sayar wa mutum biyu kujera ɗaya. Sai dai in ɗaya zai ɗauki ɗaya a cinya."

Ta so ta yi fushi, dariya ta ƙwace mata. Daga ranar ya raɗa mata 'Yar Gaggawa. Kafin a ankara kujerarta ta matso kusa da tasa, kofin shayinsa kuma ya daina hucewa ba a sabunta ba. Maganar har ta kai gida.

Matsalar ɗaya ce, ba shi da hutu. Duk ranar da za a saki sabon gyara, yana nan daram a kan wayoyi. Wata Asabar ya tura mata saƙo:

"'Yar Gaggawa, yau ma ba zan samu zuwa ba. Ki gaida Mama, ki ce surukinta yana nan ya tare da wayoyi."

Ta amsa: "Mai Gadina, wallahi sai na ƙwato ka daga hannun wayoyin nan. Ka dai ci abinci?"

Da gaske take. Ta je ta samu Manaja ta ce za ta gina abin da suke kira bututu. Wato da zarar mutum ya gama gyaransa ya jefa, kwamfuta ce za ta harhaɗa manhajar, ta gwada ta, in komai ya yi kore ta tura wa jama'a da kanta, in ya yi ja ta tsayar. Manaja ya amince nan take. Dama ya daɗe yana tayin rage mata hanya a motarsa tana cewa ta gode.

To, kwamfuta ba ta san abin da za ta duba ba sai an gaya mata. Nan 'Yar Gaggawa ta zauna gefensa tana tambaya.

"Daga nan sai me kake dubawa, masoyi?"

"Sai in kashe data ana tsakiyar biya, in ga ko za a cire wa mutum kuɗi a hana shi kujera."

"Sai kuma me?"

Bai ɓoye mata komai ba. Abin da ya tara a kansa shekara da shekaru ya juye mata tas, yana murna wai an samu mai sauraronsa. Ita kuma a can ƙarshen bututun ta ɗora wani ɗan abu na soyayya. Duk lokacin da gyara ya wuce lafiya, saƙo zai shiga wayarsa da kansa: "Komai kore ne, Mai Gadina. Je ka huta."

Aikin bai kai ƙarshe ba Manaja ya kira ta ofis ya tura ƙofa.

"In abin nan ya tashi, teburin gwaji ya gama amfani. Ke za ki riƙe sashen. Kar ki gaya masa, zai fara ja mana ƙafa."

Ta fito daga ofishin. Ta ce wa ranta za ta lallashi Manaja, a sama masa wani gurbin. Ko ma me ta ce wa ranta, magana ɗaya ce: ta sani, ta yi shiru, ta koma ta zauna gefensa ta ci gaba da tambaya.

Bututu ya tashi, kuma ya yi aiki. Babu wani kuskure da za a ce a je a nemo Mai Gadi. Manaja ya kira shi, ya yi masa godiya mai yawa, ya sallame shi. Har ya kai bakin ƙofa ya ji Manaja ya ce, "Ai na ɗauka ta gaya maka. Ta daɗe da sani."

A matakala ta cim masa, yana rungume da kwalin wayoyinsa.

"Kin sani?"

"Ka tsaya in yi maka bayani, don Allah."

"Ranar da kika tambaye ni maganar kashe data, kin sani?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Da kin gaya min, wallahi da sai na koya miki duk da haka. Ba sai kin sata ba."

Ya sauka. Kafin ya kai titi ya toshe lambarta.

Sai dai saƙon nan ba daga lambarta yake fitowa ba. Ya koma rumfar yayansa mai gyaran waya, yana fama da sukundireba, sai aljihunsa ya yi ƙara. "Komai kore ne, Mai Gadina. Je ka huta." Safe da rana, duk sanda inji ya yi aikinsa sai ya sanar da shi. Yaya ya ce, "Budurwarka ta ƙarfe ce kuma? Kai, ta fi ta gaske kula da kai." Bai yi dariya ba. Shi a ganinsa izgili take masa. Ita kuwa ta sha buɗe wurin za ta goge saƙon, hannunta ya ƙi, don nan ne kaɗai sunan da take kiransa yake kaiwa gare shi. Shi ma dai, da duk fushinsa, bai toshe ba.

Ana haka Manaja ya tura manyansa gidan iyayenta neman aurenta. Babanta tsohon direban babbar mota ne, ba ya kwana-kwana. Ta ce masa ita Mai Gadi take so.

"Wanda kika cire wa abinci a baki? Ba rashin aikinsa ne ya dame ni ba, 'yata. Namijin da kika yi wa haka, duk ranar da gishiri ya yi yawa a miya sai ya tuna miki. Ban yarda ba."

Ba ta yi musu ba. Washegari ta shiga ofishin Manaja ta ajiye masa katin shiga da kwamfutarsu. Ta ce kujerar ba ta so, shi ma ba ta so. Wanda aka ɗora a wurinta ya bi bututun yana shara, ya ga wani saƙo marar kan gado, ya goge.

A rumfa wayar Mai Gadi ta yi tsit. Ya duba caji, ya duba data, ya cire layi ya mayar. Yaya yana kallonsa ta gefen ido.

"Wayarka lafiya lau take. Kai ne ba lafiya ba."

Ya daure, ya kasa. Ya je ya tambayi mai taya na ƙasan ofis.

"'Yar Gaggawa? Ai ta bar aiki. Da ƙafa ta tafi, idonta jawur."

Daga nan gidan iyayenta ya nufa. Baba yana ƙofar gida yana wanke tsohuwar motarsa. Ya bar shi a durƙushe har ya gama gilashin gaba.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Za ka iya zama da ita ba ka goranta mata ba?"

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Yafewa na yafe. Mantawa ce ban yi alkawari ba."

Tsohon ya matse tsumma. "Da ka ce ka manta, da na kore ka. Shiga."

Ta fito falo ta rame, ta zauna nesa da shi.

"Ban zo da wani bayani ba," ta ce. "Na ci amanarka."

"Kin ci."

"To me ya kawo ka?"

"Wayata ce ta yi shiru. Ban saba ba." Ya ɗan dube ta. "Ke kuma sai ki ajiye aiki ba shawara? 'Yar Gaggawa dai har gobe."

Ta fashe da kuka da dariya a haɗe. A gabanta ya buɗe lambarta. Bai kai bakin titi ba saƙo ya shigo: "Komai bai gama kore ba, Mai Gadina. Amma wannan da hannuna na rubuta."

An ɗaura aure ba hayaniya. Baba ya dafa kansu ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya raba su da ɓoye-ɓoye. Kowa ya ce amin.

Bututun yana nan yana aiki har yau, a wajen taro Manaja yakan ce shi ya ƙirƙiro shi. Ita ta samu wani ƙaramin wuri, albashin bai kai na da ba. Shi yana rumfa da yayansa. Suna zaune lafiya, bai taɓa goranta mata ba ko sau ɗaya. Sai dai in ta zauna gefensa yana gyara ta ce, "Masoyi, wannan ya ake yi?" yakan ɗan yi shiru kafin ya amsa. Shirun ba ya daɗewa, shi kansa bai san yana yi ba. Ita ce ke ji, kuma ba ta taɓa cewa komai ba.