Lallen da Ya Tsayar da Tafiya

Firdaoussi na zaune a kicin ɗin gidansu na unguwar University Heights, can ƙasar waje, ta miƙe ƙafafunta da suka fara kumbura tana tsince zogale, sai wayarta ta yi ƙara. Ko ba ta duba ba ta san Inna ce daga Maradi. Tun da cikin nan ya fito, Inna ba ta da wani zance sai guda.

"Wai yaushe za ki taso? Cikin fari ne fa! A gidanmu ba a taɓa ɗiyar da ta yi haihuwar fari a ɗakin miji ba. Wa zai yi miki wankan jego? Wa zai dama miki kunun kanwa?"

"Inna, izinin fita nake jira. Takardun zamana ba su fito ba tukuna. In na bar ƙasar nan babu izini, an soke komai, ba ni da hanyar dawowa wurin Souley."

"Kullum takarda! Anya ba mijin naki ne ba ya so ki zo ba?"

Souley kuwa, bawan Allah, direban tasi ne da magana ba ta dame shi ba. Shi ya nema mata izinin tun cikin yana ƙarami, amma shiru kake ji.

Ran Lahadi sai ga Tanti Iyatu, ƙanwar Inna, mai shagon atamfa da turare a titin 116. Ko mayafi ba ta cire ba ta soma.

"Ni za a gaya wa halin mazan ƙasar nan? Ɗiyata, tashi ki haɗa kaya! Tikiti ni zan saya. In yana son ki ya biyo ki."

Souley ya sunkuyar da kai. "Tanti, wallahi ban riƙe ta ba. Amma in ta hau jirgi yau, shekaru za mu yi ba mu ga juna ba. Abin da za ta haifa sai dai ya san ni a waya."

"Daɗin baki dai!"

Firdaoussi ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta. Tana son mijinta, tana tsoron fushin uwa, ga kuma zato ya fara yi mata rarrafe a zuci: to in da gaske ya nema, me ya hana a ba su? Da ta share hawaye ta fito ta ce, "Tanti, ba inda za ni sai na ji daga bakin lauya. Ki zo mu je tare."

Lauyar, Hadassa, 'yar Jos ce mai fara'a. Ta bincika a kwamfuta, sannan ta ɗago.

"Maigidanki ya yi komai daidai. Ba hana ki aka yi ba, tsayar da maganar aka yi, don zanen yatsunki bai fito ba. Sai an sake ɗauka." Ta kama hannun Firdaoussi ta juya shi. "Ikon Allah! Ranar da kika je aka ɗauki zanen, da irin wannan lallen a hannunki?"

Firdaoussi ta tuna sarai. Ana gobe za ta je, Tanti ce ta zaunar da ita ta lafta mata baƙin lalle har bakin farce, tana cewa 'yar gidansu ba za ta shiga gaban hukuma da farin hannu kamar mai takaba ba. Ga shi kuma ta sake lafta mata wani na Sallah, ko sati bai yi ba.

"Innalillahi!" Tanti ta dafe ƙirji. "Ashe ni ce? Ni da hannuna?"

Souley, da ya rako su, ruwa ma ya tsiyaya ya miƙa mata, abin da ya ƙara kashe mata jiki ke nan.

Kafin lallen ya goge a sake ba su rana, ciki ya tsufa, likita ta ce babu zancen jirgi. Tanti da kanta ta kira Maradi ta faɗi gaskiya, ba ta rage ko ɗaya ba. "Yaya, yaron nan ba shi da laifi. Wanka kuwa ki bar mini, ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta kuwa cika alkawari. Da Firdaoussi ta sauka lafiya ta sami 'ya mace, aka sa mata Nimatu, Tanti ta bar shago a hannun maƙwabciya ta tare a gidan. Safe da yamma babbar tukunya na bisa wuta, ga ganyen darbejiya busasshe da ta sa aka kawo mata daga gida. Tururi ya yi ta tayar da ƙararrawar hayaƙi, Souley na tsaye a ƙarƙashin ƙararrawar da tawul yana fifita, mai jego na dariya har da riƙe ciki.

Nimatu ta fara zama izinin ya fito. Firdaoussi ta je Maradi da goyonta, Inna ta rungume jika ta yi ta hawaye. Da hutu ya ƙare, Inna ta karɓi waya ta kira surukinta, abin da kunya ba ta taɓa barinta ta yi ba.

"Souley, na zalunce ka da zato, ka yafe mini. Da ta bi maganata, da na raba ka da iyalinka da bakina. Ga su nan na sako maka su a jirgi, Allah Ya yi maka albarka."

To 'yan'uwa, zato zunubi ne, gaggawa kuma ba ta haifar da ɗa mai ido. Da Firdaoussi ta fita a fusace, da ƙofa ta rufe a bayanta. Ta yi haƙuri ta nemi gaskiya, sai ga shi ta ga uwarta, ta kuma dawo ɗakin mijinta.