Ya Cika Sharaɗin Abba

"Hadizatu ce?" Zailani ya tambaya, yana kallon gefen kafaɗata.

"Ni ce... Mawahib."

Mutumin da yake hango ni cikin cunkoson tashar Kalakla tun daga kujerar direba, yau ina tsaye gabansa ya kira ni da sunan ƙanwarsa.

Lokacin da manyansa suka zo Omdurman neman aurena, Abba ya ji labarin ciwon hantar da ya daɗe a jikinsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ya warke tukuna. Zailani ya shiga allura duk mako. Zazzaɓi, rama, amai, duk ya shanye.

"Likita ya ce cutar ta bar jinina," ya ce. "Amma allurar ta taɓa jijiyoyin bayan ido. Na dama ba zai dawo ba. Na hagu kuma... sai yadda Allah ya yi."

"Tun yaushe ka fara gani dishi-dishi?"

"Tun kafin azumi."

"Shi ne ka ɓoye wa likita?"

"Da na faɗa, da an tsayar da allurar, habibti. Da me zan je wa Abbanki?"

Na nemi hawaye ban samu ba. Ƙuda nake kallo yana zagaya bakin kofin shayinsa.

"Na mayar wa mai motar makullinsa. Ki je gida, Mawahib, khalas, shi ke nan! Ban riƙe ki da alƙawari ba."

Na fita na hau motar haya. A bakin gada sojoji suka tsayar da motarmu suna bincike, sai da wata tsohuwa ta taɓa ni sannan na san an ce mu sauka.

Abba na ganina ya tambaya, "Ya ya jikin yaron?"

"Ya warke, Abba. Ya cika sharaɗinka." Na faɗa masa sauran, muryata kamar ta wata.

Ya daɗe riƙe da carbinsa bai ja ba. Can ya ce, "Ki ce su turo manyansu ranar Juma'a."

Ranar da aka kai ni, Zailani ya ɗaga hannuna mai lalle dab da idonsa na hagu. Ya daɗe yana juya shi.

"Fure ne, ko?"

Zanen ganye ne.

"Fure ne," na ce, na bar masa hannun.