Ranar da Shafin Taki Ya Ƙi Buɗewa a Rogo

A ofishin ƙungiyar manoman gyaɗa da ke Rogo Zaharaddini ya fara ganin Kausar. Daga Karaye ya taho a kan babur, zai haɗa musu shafin intanet na rajistar taki. Ita ce mai kula da kwamfutar ofishin, 'yar shugaban ƙungiyar, Alhaji Ɗanmaliki.

"Malam, cajar nan fa tawa ce," ta ce.

"A ba ni aro, ranki ya daɗe."

"Aron kwana nawa?"

Sati uku ya yi yana zarya, a kan aikin da kwana huɗu ya ishe shi. Ɗan ƙanena ne, a hannuna ya tashi, na san halinsa.

Da ya gama ya tura mata saƙo: "Tauraruwata, shafi ya tashi. Saura maganata da Baba."

Ta mayar masa: "Injiniyana, turo manya. Ni na daɗe da yin rajista."

Manya suka je, aka karɓi gaisuwa.

Sai ga Mijinyawa, ɗan yayar Alhaji, wanda ya daɗe yana bin Kausar tana ƙi. Wata uku kacal ya yi yana koyon kwamfuta a Kano. Ya ce wa kawunsa shafin ya cika nauyi, a ba shi lambar sirri ya sa masa sauri. Suka ba shi, ko shawara da mai aikin ba su yi ba.

Ranar kasuwa manoma suka cika ofis. Aka buɗe shafi, fari fat! A danna, shiru. Mutane suka yini a rana, suka koma ƙauyukansu ba rajista. Alhaji ya tsaya gaban jama'a ya ce yaron Karaye mayaudari ne, kada ya ƙara taka masa ƙofar gida. Mayaudari! Yaron da ko ƙarya bai iya ba.

Ita ma Kausar ta rubuto: "Ka kunyata Baba. Ka kunyata ni."

"Wallahi lafiya na bar shi, masoyiyata," in ji shi. "Buɗe cikinsa, ki ɗauko mini hoton layukan rubutun da ke can ƙasa."

Kwana biyu tana fushi, sannan ta turo. Yana gani ya dafe kai.

"Gwaggo, fayil uku ne," ya ce mini. "Na farko yana kawo sunayen ƙauyuka. Na biyu yana gina fom a kansu. Na uku yana aikawa. Kowanne sai na gabansa ya iso yake aiki. Wani ya ƙara kalma ɗaya, ya ce duk wanda ya riga isowa ya fara. Sabis ɗin Rogo ba ƙarfi, na biyun da yake ƙarami shi ke rigan zuwa, bai tarar da sunayen ba, sai ya tsaya cak."

Ni ban yi boko ba, amma na tuƙa tuwo. Gari aka zuba kafin ruwa ya tafasa, wai sauri ake.

Washegari na hau mota sai Rogo. A gaban ubanta Kausar ta goge kalmar da Zaharaddini ya faɗa mata a waya, shafi ya buɗe. Ta mayar da ita, fari fat. Sau uku ta yi. Mijinyawa yana tsaye yana muzurai, wai a wayarsa ya gwada a Kano kuma ya yi.

"Manoman nan a Kano suke noma?" na tambaye shi.

Alhaji ya yi gyaran murya. "To Hajiya, a yi haƙuri, ya wuce. Yaron naki ya zo ya ci gaba da neman aurensa."

"Bai wuce ba, Alhaji. A gaban mutane ka zage shi, a cikin ɗaki za ka wanke shi? Ɗana ba zai shigo gidanka da sunan mayaudari ba."

Kausar ta sunkuyar da kai. "Baba, gaskiyar Gwaggo ce. Ni ma sai da na roƙe shi gafara."

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Da kasuwa ta zagayo ya tsaya a bakin ofis, ya ɗaga murya ya ce laifin na gidansa ne, yaron Karaye ya iya aikinsa. Ina wurin, a kan benci, na ji da kunnena.

Bayan an cire gyaɗa aka ɗaura aure. Ni na riƙo hannun amarya har ɗakinta a Karaye, tana kuka tana dariya, angon yana leƙe ta taga kamar ba shi ba. Mijinyawa ya ci shinkafa faranti biyu, har yau bai ce a yafe masa ba, kuma ina nan ina jira.

Su kuwa Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, Ya raba su da masu gyaran abin da bai ɓaci ba.